Zama na Takwas: Abin da Cinikin Marsandi Zai Koya wa Mai Sayen Keke Napep

Tunda an gama zubi, ma'ajiya a rufe akwati, masu mukullai kowacce ta ɗaure nata a gefen zane, a matso kusa.

Yau maganar Marsandi zan yi muku. Na san wata tana cewa a ranta, yarinyar nan, mu da muke zubin naira 500 a mako, ina mu ina Marsandi? Ku yi mini haƙuri kaɗan. Duk ƙungiyar da ta yi rabo biyu ko uku, ta ga kuɗi sun fara kauri, sai a fara cewa mu sayi Keke Napep mana, ko babur, mu ba wani yaro yana kawo mana balas. Shawara ce mai kyau. Amma ranar da za ku je saye, mutumin da za ku tarar a bakin shago sana'arsa ke nan, safe da yamma ciniki yake yi, ku kuwa wataƙila sau ɗaya za ku yi irin wannan cinikin a rayuwarku. Kuma dabarar da yake amfani da ita a kanku ita ce wadda ake amfani da ita a kan mai kuɗin da ya je ɗaukar Marsandi a Amurka. A can an daɗe ana fallasa dabarar, an san sunan kowane ɓangare nata, shi ya sa na ga ya fi sauƙi mu leƙa ta can mu dawo gida.

Yayana yana aiki a wurin sayar da motoci a Abuja. Shi ya fara zaunar da ni ya yi mini bayanin, daga baya na bi na karanta da kaina.

A Amurka, da yawa daga masu hawa manyan motoci irin su Marsandi da BMW da Lexus ba sayen su suke yi ba. Hayar dogon zango suke ɗauka, yawanci ta shekara 3, wato wata 36. Mutum ya hau sabuwar mota fil, yana biya duk wata, wa'adi ya cika ya mayar wa kamfani abinsa ya ɗauki wata sabuwa. Motar ba ta taɓa zama tasa ba. To me yake biya? Faɗuwar darajarta yake biya, da kuɗin ruwa a kai.

Bari in kawo misali da lissafi mai sauƙi. Mu ƙaddara an rubuta wa mota dala 60,000. Kamfani ya ce bayan shekara 3 darajarta za ta koma dala 36,000. Abin da ya zube a tsakani dala 24,000 ke nan, shi mai haya zai biya. A raba shi gida 36, ya kama kusan dala 667 a wata, kafin a ɗora ruwa da haraji. Yanzu ku saurara. Idan mutumin nan ya tsaya ya yi ciniki aka rage masa farashin motar zuwa dala 54,000, darajar ƙarshe tana nan a 36,000 ba ta motsa ba, saboda daga farashin da aka rubuta ake lissafa ta. Abin da zai biya ya koma 18,000, wato dala 500 a wata. Ragin kashi 10 cikin 100 aka yi masa a kan motar, amma kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ya sauka. Mutane da yawa ba su ma san ana tayin farashin motar haya ba. Suna ɗauka tunda haya ce, abin da aka faɗa shi ke nan.

Sai kuɗin ruwa. A takardar hayar ba a cika rubuta shi yadda kowa zai gane ba. Wata 'yar lamba ake sawa, kamar 0.0025. Mai gani sai ya ce ai wannan ba komai ba ne. Sai ka ninka ta sau 2,400 sannan ruwan zai fito fili, a nan kashi 6 cikin 100 a shekara. Dillali kuma yana iya ƙara wa 'yar lambar nan kaɗan a kan wadda kamfani ya ba shi, ya ci bambancin, in mai haya bai tambaya ba. Bayan haka akwai iyakar tafiya: a ce mil 10,000 ko 12,000 a shekara, in ka wuce, kowane mil ɗaya akwai tararsa. Akwai kuɗin buɗe takarda a farko, akwai kuɗin mayar da mota a ƙarshe, akwai cajin ƙwarzane da taya da ta suɗe.

Duk waɗannan abubuwa suna nan a rubuce, amma dillali ba da su yake fara magana ba. Tambaya ɗaya yake yi, da fara'a, bayan ya ba ka kujera da ruwan sanyi: nawa za ka iya biya a wata? Da ka faɗi adadi, ciniki ya ƙare. Zai juya sauran lambobin, ya ƙara wa'adi, ya ƙara kuɗin da za ka ajiye a farko, har ya fito maka da adadin da ka faɗa, kai kana murna shi yana murna, amma murnarsa ta fi taka dalili.

To mu dawo gida. Keke Napep da muke gani, yawanci ƙirar Bajaj ne ko TVS, duka kamfanonin Indiya. Sunan Napep ɗin daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya ya samo asali, wanda aka kafa a 2001 zamanin Obasanjo, a Kano kuma ana ce masa A Daidaita Sahu tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Yawancin masu tuƙa shi ba kuɗi hannu suka saya ba. Ana ba su ne su riƙa biya duk mako, in sun gama ya zama nasu. Bambancinsa da hayar Amurka ke nan, a nan akwai mallaka a ƙarshe. Amma tambayar bakin shago iri ɗaya ce: Hajiya, nawa za ku iya kawowa a sati?

Sakatariya, ɗauki biro. Farashin da zan faɗa misali ne kawai, ku je ku tambayi na ranar, domin tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya. Mu ƙaddara keke kuɗi hannu naira miliyan 4 ne. Dillali ya ce ku ba da kafin alƙalami 500,000, sannan 60,000 duk mako har mako 78, wato shekara ɗaya da rabi. Sittin sau 78 ya ba mu 4,680,000. A haɗa da 500,000 na farko, ya zama 5,180,000. Kun ga an ɗora muku 1,180,000 a kan kuɗi hannu.

Sai shugaba ta ce haba Alhaji, dubu sittin ta yi mana yawa, a duba mana. Ya yi shiru, ya danna kalkuleta, ya girgiza kai, ya ce saboda ku iyaye ne, ku kawo 50,000, amma shekara 2 za ku yi. Kowa ta yi godiya, an samu ragin dubu goma. Sakatariya, buga mana. Hamsin sau 104 ya ba mu 5,200,000. A haɗa da 500,000, ya zama 5,700,000. Ragin da kuka yi wa godiya ya ƙara muku naira 520,000. Bai yi muku ƙarya ko ɗaya ba. Abin da kuka roƙa ya ba ku.

Ban faɗi wannan daga littafi kawai ba. A shekarata ta farko a wannan aikin, wata ƙungiya da nake bibiya ta yanke shawarar ɗaukar keke. Suka ce in raka su tunda ni ce mai boko. Na je, na zauna, na ji adadin mako, na lissafa a kaina cewa yaron da zai tuƙa zai iya kawo shi har da rara, na ce musu ya yi. Takardar shafi biyu ce. Na karanta shafin farko, na leƙa na biyu sama-sama, shugaba ta dangwala, ma'ajiya ta dangwala, ni ma na sa hannu a matsayin shaida. Sun yi sama da shekara suna biya ba fashi. Sai damina ta kama, hanyar garin ta lalace, injin ya buga, keke ya yi kwanaki a wurin bakanike. Mako uku ba su kai kuɗi ba. A na huɗu aka zo aka tafi da shi. Da muka je, sai aka buɗe mana shafi na biyu: duk wanda ya yi fashin mako uku a jere, za a karɓe keke, kuma abin da ya biya a baya kuɗin haya ne, ba a mayarwa. Saura mako goma sha ɗaya su gama. Mun kai magana gaban mai gari, an yi ta kai da komo, da ƙyar aka dawo musu da wani abu kaɗan. Wata dattijuwa a cikinsu, da kuɗin akuyoyinta biyu ta shiga. Ba ta taɓa ce mini komai ba, har yau in mun haɗu tana sa mini albarka, kuma wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saboda haka ga yadda nake so ku yi, kuma jerin yana da muhimmanci, kada a sa na baya a gaba.

Da farko kada ku ce bashi kuka zo ɗauka. Ku tambayi farashin kuɗi hannu, ku taya shi kamar yadda kuke taya buhun masara. Wannan ba sai na koya muku ba, a cikinku akwai waɗanda in suka taya tunkiya sai mai ita ya ce albarka sau biyar kafin ya sallama. Abin mamaki shi ne, macen da ba a cutarta a kasuwar dabbobi, da ta shiga shago mai tayil da fanka sai bakinta ya mutu. Shagon ma kasuwa ce. Sai an tsayar da farashin kuɗi hannu sannan ku ce to, in za mu biya a hankali, nawa ne jimla? Jimla, ba na mako ba. In ya koma kan na mako, ku mayar da shi kan jimla. In ya ce nawa za ku iya, ku ce Alhaji faɗi naka tukuna.

Kuna iya tambaya, shin dillali yana da wurin da zai rage kuwa? Yana da shi. A harkar manyan motoci, kamfani kan ba dillali lada na musamman in ya sayar da adadin da aka ɗora masa a wata ko a wata uku. Shi ya sa masu wayo a can suke zuwa ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, lokacin da dillali ke neman cike adadi, ko kuma lokacin da sabon samfuri ya iso, na bara yana tare masa fili. Sannan ba sa tsayawa wuri ɗaya. Sukan nemi farashi a rubuce daga dillalai uku ko huɗu, su nuna wa wannan na wancan. Mu ma haka za mu yi. Ku je shago uku, ko da sai kun shiga mota zuwa birni, kuɗin motar bai kai abin da za ku tsira da shi ba. A ganina kuma kada ku je da kaka, lokacin da kowa ya sayar da amfanin gona yana yawo da kuɗi a aljihu, mai kaya ba ya jin tayi a lokacin. In ƙungiya biyu ko uku na maƙwabtan garuruwa suna da niyya ɗaya, ku tafi tare. Mai sayen uku ba a yi masa maganar da ake yi wa mai sayen ɗaya.

Akwai kuma mutumin da zai tare ku tun daga tasha ya ce ya san inda ake samu da sauƙi. Ba laifi, sana'arsa ce, amma ku tambaye shi a gaban mai kaya: la'adarka nawa ce, kuma wa zai biya? In ba ku tambaya ba, tana cikin farashin da aka faɗa muku.

Kada ku biya a ranar farko. Ko an ce saura guda ɗaya, ko an ce gobe dala za ta tashi. Wani lokaci gaskiya ne farashi na tashi, to sai ku ce a rubuta muku farashin yau da ranar da zai daina aiki. Ku karɓi takardar yarjejeniyar ku kawo ta nan, a karanta ta a gaban kowa, layi-layi, a fassara da Hausa. Dillalin da ya hana ku tafiya da takarda ku karanta, ya riga ya gaya muku abin da ke cikinta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba rashin yarda ba ne ku ce a rubuta, kada kunya ta kama kowa.

In ana karantawa, abin da ya ci waccan ƙungiyar shi za ku fara nema. In aka yi fashi, mako nawa ake ɗaga ƙafa? In aka karɓe keke, ina makomar abin da aka biya? Ku nemi a rubuta cewa za a sayar da shi, mai kaya ya ɗauki ragowar kuɗinsa, abin da ya saura a ba ku. In ya ƙi, aƙalla a rubuta cewa kuna da wata guda ku kawo bashin ku karɓi abinku. Wannan layi ɗaya ya fi ragin naira dubu ɗari daraja, in da za a ce in zaɓa. Sannan ku tambaya, in Allah ya hore muka biya da wuri, za a rage mana? Wa zai biya rajista da lamba da inshora? In an sa na'urar bibiya, kuɗin wa? In an sace fa? Sunan wa ke kan takardun keke yanzu, kuma yaushe za a mayar da su sunanku? Ku sa wani ya duƙa ya karanta lambar inji da lambar jikin keken, a gwada da abin da ke rubuce. Ba a cinikin biri a sama. In na hannu ne ba sabo ba, ku zo da bakanikenku, ba wanda mai kaya ya kira ba. Duk biyan da kuka yi kuma a ba ku rasit, sakatariya ta liƙa a littafi.

Na san wasu na da damuwa kan halasci, kuma damuwa ce a wurinta. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus da suka biyo baya, suna amfani da hanyoyin da malamai suka sani. Akwai murabaha, inda mai kaya zai faɗi nawa ya saya da ribar da ya ɗora, a tsayar da jimla ɗaya, kuma ba ta ƙaruwa don an yi jinkiri. Akwai ijara, wato haya, inda kayan na mai shi ne, manyan gyare-gyare kuma a wuyansa suke. Ni ba malama ba ce, ku kai wa malaminku takardar. Amma ko ni na san a yi hattara da yarjejeniyar da in inji ya buga a ce ai naku ne ku gyara, in kuka yi fashi kuma a ce ai haya kuke yi.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu mu kaɗai, mai Marsandi ba ruwansa da ita. Tsarin akwatin nan da muke bi, wanda aka fara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, zagayensa bai wuce shekara ba. A ƙarshe a fasa akwati, kowa ta ɗauki rabonta, mai son fita ta fita. Bashin keke kuwa shekara ɗaya da rabi ne ko biyu. To in an yi rabo, wata ta yi aure ta bar gari, wata ta rasu, keken na wa ne, bashin kuma a kan wa? Shi ya sa ba na goyon bayan a taɓa kuɗin akwati, balle asusun taimakon gaggawa. Masu sha'awa su bari a yi rabo, su haɗa daga abin da ya zo hannunsu, su buɗe littafi daban, a rubuta kason kowacce da yadda za a sallami mai son fita. Kuma kafin ku ɗauko keke, ku ware kuɗin biyan mako huɗu da na gyara ku ajiye gefe. In kuɗinku bai kai ku ware wannan ba, lokacinku bai yi ba tukuna, ku ƙara zagaye ɗaya. Ƙungiyar da ba ta yi rabo biyu ba ma, ni ba zan raka ta ba.

Mai tuƙi kuma a yi masa tasa takardar, ko ɗan shugaba ne, ko mijin ma'ajiya, musamman ma in shi ne. Nawa zai kawo, wace rana, wa ke sayen mai da baƙin mai, wa ya tsaya masa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin da direba ke komawa gida da shi ya canza, don haka kada ku yi lissafi da labarin da. Ku zauna da masu tuƙa keke a hanyarku, mutum uku daban-daban, ku tambaye su abin da ke saura a hannunsu ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, da rani da damina. Ku yi lissafinku da mafi ƙanƙanta.

Kafin zama mai zuwa ina son mata uku su ba da kansu. Kowacce ta samu mai sayar da keke ko babur, ta je da ƙafarta ko ta sa a kira mata a waya, ta dawo mana da abu huɗu: farashin kuɗi hannu, kafin alƙalami, na mako, da yawan makonni. Kada ta taya, kada ta yi alƙawarin komai, in an tambaye ta nawa za ta iya ta ce aiko ta aka yi. Za mu baje su a kan tabarma mu buga jimlar kowanne tare. Wa da wa za su je? Sakatariya, rubuta sunayensu, sannan wata a cikin iyayenmu ta rufe mana da addu'a.